Yadda Ake Feɗe Magana Mai Jan Hankali

Ƙanwar mahaifiyata ta fi shekara 20 tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a nan Maraɗi. Ba a yi mata ƙwange a tiya, ba a cusa mata tsohuwar gyaɗa a ce ta bana ce. Da ta damƙa ta murza ta gane. Amma saƙon murya na minti uku a WhatsApp ya raba ta da jika 60, wato sefa dubu 60, kwasar adashinta gaba ɗaya. Da na je yi mata jaje na tambaye ta yadda aka yi, sai ta ce, "Ɗan nan, ni ko ganin mutumin ban yi ba. Maganarsa ce ta shige ni." Na ce, "Inna, ba ni in ji." Na kara salular a kunne, kuma ni da nake koyar da nazarin rubutu a lise, wato babbar sakandare, sai da na ji wani abu ya motsa a ƙirjina wajen tsakiyar saƙon.

Abin nan da ya motsa, akwai hanyar da aka bi aka motsa shi, kuma ana iya bin sawunta. Ya zo a Bukhari cewa wasu mutum biyu sun zo daga gabas suka yi jawabi, mutane suka yi mamakin iya maganarsu, sai Manzon Allah (SAW) ya ce lallai a cikin bayani akwai sihiri. Malamai sun saɓa, wasu suka ce yabo ne, wasu suka ce gargaɗi ne. Ni ina ganin mai karatu ya riƙe duka biyun, domin kayan aikin da macuci ke jan mutane da su, da su ne mai gaskiya ma yake aiki. Matakan da ke tafe suna aiki a kan saƙon murya, da jawabin ɗan siyasa, da tallar mai magani a tasha, da sharhin jarida, har da rubutun da ake ajiye wa ɗalibi ranar jarrabawar bak ta gama sakandare.

Ka fara da raba maganar da muryar

Ji na farko ka bar maganar ta yi aikinta. Kada ka yi gardama da ita. Abu guda kawai za ka lura da shi: a wane wuri ne ka gyaɗa kai, ko gabanka ya faɗi, ko ranka ya ɓaci. Riƙe wurin, za mu dawo masa.

Sa'an nan ka ɗauki biro da takarda ka rubuta ta kalma bayan kalma, kana tsayar da sautin kana komawa baya. Kada ka gyara komai. Rantsuwa, da "ai", da "fa", da maimaici, duk ka sa su. Aikin yana da gajiya, minti uku na magana kan ci rabin awa, amma shi ne rabin nazarin. Murya tana da nata ƙarfi: rawar da take yi kamar mai shirin kuka, sassautawar da ake yi kamar ana ba ka sirri. Idan magana ta sauka a takarda, duk wannan ya zube, ta tsaya da ƙafarta ko ta faɗi.

Ga samfurin da na haɗa daga ire-iren saƙon da ke yawo, na cire sunaye, domin mu yi aiki a kansa:

"Assalamu alaikum ƴan uwana Musulmi, iyayena mata, ƴan uwana talakawa. Wallahi tallahi ba don kaina nake wannan magana ba, don Allah nake yi. Ni ma da ina cikin halin da kuke ciki, na san zafin yaro ya ce abinci a rasa abin ba shi. Ai kowa ya san yadda tiyar hatsi ta koma. Manya sun daɗe suna cin wannan harka a ɓoye, ba su so talaka ya sani. Kamfani ne na waje, yana da agireman, an tantance shi. Ka zuba jika 10, wata ya zagayo ka ɗauki jika 20. An ce wata baiwar Allah a Damagaram har ta biya Makka. Mai nema yana tare da samu. Amma fa gobe da la'asar ake rufewa. Wanda ya yi shakka, to, rabonsa ne bai tsaga ba."

Jimla 11 ke nan. Sa wa kowace lamba a gefe.

Me yake so in yi, kuma wa yake zaton ni ne?

Mataki na biyu shi ne ka rubuta buƙatar mai maganar a jimla ɗaya, kuma lallai jimlar ta ƙunshi aiki: in saya, in zaɓa, in tura, in ƙi, in yi shiru. A samfurinmu buƙatar ita ce "ka turo mini kuɗi kafin gobe da la'asar". Duba da kyau, babu inda ya faɗe ta haka. Kalmar "mini" ba ta fito ba ko sau ɗaya. Idan mai magana ya kewaye buƙatarsa bai furta ta ba, rubuta wannan a gefe, domin wurin da mutum ke kewayewa nan ne rami yake.

Daga nan sai ka tambayi wa ake yi wa maganar. Malamanmu na zaure da suka karanta balaga sun san ma'anarta ita ce magana ta dace da abin da hali ke bukata. A fannin ma'ani, wani reshe na balaga, an kasa mai sauraro gida uku: wanda bai da labari kuma bai da gardama, wanda ke kokwanto, da wanda ya musanta. Na farko ana faɗa masa magana kai tsaye ba ƙarfafawa. Na biyu a ƙarfafa masa kaɗan. Na uku shi ake yi wa rantsuwa. Wannan ƙa'ida ana iya karanta ta ta baya, kuma nan amfaninta yake a gare mu. Mutumin nan ya yi "wallahi tallahi" a jimla ta biyu, tun kafin kowa ya musa masa, tun kafin ma ya faɗi abin da ya kawo shi. Ke nan shi da kansa ya san abin da zai faɗa abin musu ne. Dillalin da ya fara rantsuwa kafin ka taya, ka sake duba haƙoran akuyar.

Alama uku a kan takarda

Aristotal, masanin Girka da ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce hanyoyin shawo kan mutane uku ne: halin mai magana, da motsa zuciyar mai sauraro, da hujjar da ke cikin maganar kanta. Malaman Musulunci sun san wannan aiki nasa, Ibn Rushd ma ya yi masa sharhi. Da Hausa sai mu ce mutunci, da zuciya, da hujja.

Koma kan takardarka. Ja layi ƙarƙashin duk inda yake gina mutuncinsa, kewaye duk inda yake taɓa zuciya, sa tauraro inda ya kawo abin da za a iya bincikawa. Jimloli uku na farko duk mutunci ne: ni Musulmi ne, ni ɗanku ne, ni ba mai kwaɗayi ba ne, ni ma na sha wuya. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, ta goma da ta goma sha ɗaya zuciya ce: tausayin ɗa, zafin tsada, haushin manya, tsoron a rufe ba kai, tsoron a ce ba ka da rabo. Saura tauraro. Tsadar hatsi gaskiya ce, ana iya zuwa kasuwa a gani, amma ba ta ce komai game da kamfanin ba. Kamfanin ba suna, takardar izinin ba lamba, matar Damagaram ba unguwa. Tauraro ko ɗaya bai zauna a inda ake bukatarsa ba.

Kada ka ɗauka taɓa zuciya laifi ne. Likitar da ke roƙon uwa ta kawo ɗanta rigakafi tana taɓa zuciya, kuma daidai ta yi. Tambayar ita ce: in an cire abin da aka kewaye, me ya rage? A wajen likita akwai saura. A nan babu.

Gadar da kai ka gina da hannunka

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne ɗalibaina suka fi daɗewa kafin su kama. Kowace hujja tana da gaɓa biyu: abin da ake so ka yarda da shi, da dalilin da aka ba ka. Tsakaninsu akwai gada. Masanin falsafa ɗan Ingila Stephen Toulmin ya zana wannan tsari a 1958, amma tun Aristotal an lura cewa gwanin magana ba ya faɗin gadar, yakan bar mai sauraro ya ɗora ta da kansa. Dalilin a fili yake. Abin da aka faɗa maka kana iya musawa. Abin da kai ka ƙarasa a zuciyarka kuwa naka ne, kuma mutum ba ya gardama da kansa.

Yadda ake tono ta: haɗa buƙatar da dalilin da kalmar "saboda", sa'an nan ka tambayi me ya wajaba in yarda da shi kafin wannan "saboda" ta tsaya.

Ka turo kuɗi saboda na rantse da Allah. Gadar: duk wanda ya rantse ba ya ƙarya. Ka turo kuɗi saboda manya suna ɓoyewa. Gadar: duk abin da aka ce manya sun ɓoye alheri ne, kuma rashin jin labarinsa a ko'ina shaida ce a kan ingancinsa. Ka turo saboda wata ta biya Makka. Gadar: abin da ya samu mutum ɗaya zai samu kowa. Da ka rubuta su baro-baro haka, za ka ga ba ka yarda da ko ɗaya ba. Inna ba ta yarda cewa duk mai rantsuwa mai gaskiya ba ne. Ta ji rantsuwar da ta fi wannan a bakin masu kawo mata gyaɗa. Amma gadar ta wuce ne ba a furta ta ba, shi ya sa ba ta tsayar da ita ta duba ba. Hausawa ba su yi kuskure ba da suka kira yaudara gadar zare.

Mu kuma muna da wata gada da ta fi kowace santsi, ita ce karin magana. Da an ce "Hausawa sun ce", sai kowa ya sauke kai, kamar kakanni ne suka yanke hukunci. Ina ƙaunar karin magana, da ita aka raine ni, amma ita ba hujja ba ce, riga ce da ake sa wa hujja. Gwajinta mai sauƙi ne: nemi kishiyarta. Ya ce mai nema yana tare da samu. Su Hausawan nan dai su suka ce zafin nema ba ya kawo samu, suka kuma ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Idan kishiyar ta zauna daram a wurin da ya sa tasa, to karin maganar ba ta tabbatar da komai ba, ya zaɓo wadda ta yi masa daidai ne kawai.

Wannan aiki ba a kan macuta kaɗai ake yinsa ba. Ya fi amfani ma a kan maganar da kake so, domin ita ce ba ka tsarewa. Ɗauki jawabin da Thomas Sankara, shugaban Burkina Faso na lokacin, ya yi a taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Adis Ababa ranar 29 ga Yuli 1987, kan bashin da ake bin ƙasashenmu. Matasa da yawa a fada sun haddace shi. Ƙashin bayansa shi ne: in ba mu biya ba, masu bin mu bashi ba za su mutu ba, in mun biya, mu za mu mutu. Wannan ita ce gwamayyar kishiyoyi da masu balaga ke karantawa a fannin badi'i, wato ƙawata magana, biya da ƙin biya, rai da mutuwa, a jere kamar ma'auni. Ya kuma ce in Burkina Faso ita kaɗai ta ƙi biya, ba za a gan shi a taro na gaba ba. An kashe shi ranar 15 ga Oktoba na wannan shekarar, kuma tun daga nan duk mai sauraron jawabin yana jin sa da nauyin wannan mutuwa. Ina cikin waɗanda jawabin ke ratsawa. Duk da haka mai nazari sai ya rubuta gadar: hanya biyu ce kaɗai, biya duka ko ƙi duka. Sa'an nan ya tambaya ko akwai ta uku, kamar yafe wani sashe ko sake tsara lokacin biya. Kana iya gama nazarin ka fito kana goyon bayan Sankara fiye da da. Bambancin shi ne yanzu ka san a kan me ka tsaya.

Ƙananan kalmomi

Hausa tana da wasu ƴan kalmomi da ke ɗaukar kaya fiye da girmansu. Bi takardarka ka tsince su.

"An ce", "an tantance", "aka gano". Wannan siga tana ɓoye mai aikin. Duk inda ka gan ta, rubuta "wa?" a samanta. Wa ya tantance? Wa ya ce?

"Ai" kuwa tana shigar da magana kamar tsohuwar yarjejeniya ce tsakaninku. "Ai kowa ya san" na nufin in ka tambaya kai ne baƙo a garin. Lura da dabarar jimla ta huɗu: ya sa "ai" a kan abin da gaskiya ne, tsadar hatsi, ka ce "haka ne", sai jimla ta biyar ta bi ta ƙofar da ka riga ka buɗe. Sau da yawa wurin nan da ka gyaɗa kai a ji na farko, nan ne.

"Mu" da "su". Tambayi wa ke cikin "mu". Ɗan takarar da ya sauko daga mota mai sanyi ya ce "mu talakawa" ya shigo da kansa cikinku ba tare da sallama ba.

Sai sunan da aka raɗa wa abu. Mai ɗauko kaya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, wani zai ce fasa-ƙwauri yake, wani zai ce neman abinci yake. Abu ɗaya wani ya kira shi goro, wani ya kira shi toshiya. Wanda ya raɗa suna ya riga ya yanke hukunci kafin a fara shari'a. Sauya sunan da kishiyarsa ka sake karanta jimlar, ka ji ko har yanzu tana da ƙarfi.

Akwai kuma sauya harshe, wanda mu a Nijar muka sani sosai. Ana cikin Hausa sai a jefo "agireman" ko "laboratwar", ko a jefo Larabci. Kalmar ba ta ƙara bayani ba, rigar boko ko rawanin malanta ta ara wa mai maganar. Mayar da ita Hausa: "yana da takardar izini". Nan take tambaya za ta zo da kanta: daga wane ofishi?

Lissafi da gaggawa

In an ba ka lamba, ka bi ta har ƙarshe. Jika 10 da ke ninkawa kowane wata, a wata 12 ta haura miliyan 40 na sefa. A wata 24 ta haura miliyar 167. Da akwai irin wannan harka, da alhazan garin nan da suka gaji kasuwanci tun zamanin dalar gyaɗa ba su bar ta ta iso salular Inna ba. In kuma an ce kashi 90 cikin 100 sun warke, tambayi cikin mutum nawa, kuma wa ya ƙirga.

"Gobe da la'asar ake rufewa" aikinta ɗaya ne, ta hana ka kwana da maganar ka shawarci wani. Jimlar ƙarshe kuma ta toshe ƙofar baya: ta mayar da shakka alamar rashin rabo, ta yadda tunani kansa ya zama abin kunya. Duk maganar da ta riga ta zagi mai tambaya tun kafin ya yi tambaya, sa mata babbar alama.

Yadda mai gaskiya ke ja

Don kada a ce komai zamba ne, ga misali daga gonakinmu. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai a ƙasa. Shawararsa ita ce a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Mutane ba su karɓa da wuri ba, domin akwai gadar da suka gada: manomin kirki gonarsa fes take. A yunwar 1984 an haɗa abin da rabon abinci, mutane suka bi, da rabon ya ƙare da yawa suka sare itatuwan. Abinci ya sa an yi aikin, bai sa an yarda ba. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ja sauran, da maƙwabta suka ga itacen girki da abincin dabbobi da gonar da iska ba ta binne shukarta da rairayi. Yau ana kiransa sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Sa wannan a sikelin da muka auna saƙon muryar. Buƙatar a fili take: bar toho a gonarka. Ana iya gwadawa a ɓangare kaɗan. Ba ranar rufewa. Shaidar tana gonar maƙwabci, kana iya takawa ka gani. Tambaya ba ta rage masa ƙarfi. Waɗannan su ne abubuwan da nake nema a kowace magana da ke son wani abu daga gare ni.

Rubuta abin da ka gano

Mataki na ƙarshe shi ne ka tattara nazarin a sakin layi ɗaya ko biyu. Kuskuren da nake gani kullum a takardun ɗalibai shi ne jera sunayen dabaru: akwai maimaici, akwai kamance, akwai tambayar da ba ta neman amsa. Wannan ƙidaya ce. Kowace dabara ka haɗa ta da abu uku: kalmomin da aka yi amfani da su, wanda aka nufa, da abin da ake so su yi masa. Misali: "Ya kira su 'iyayena mata' domin mace mai ƴaƴa ta saurare shi da kunnen uwa, ita kuwa uwa ba ta tambayar ɗanta takarda." Sai ka rufe da hukuncinka, kana rarrabe tambaya biyu da ake yawan cakuɗawa: maganar ta iya jan mutane? Maganar gaskiya ce?

In kuna da fada, ku gwada tare. Kafin shayi na farko ya nuna, ɗaya ya rubuta saƙon. A na biyu ku tono gadojin. A na uku wani ya tsaya ya kare mai maganar iyakar ƙarfinsa, domin ku tabbata ba ku zalunce shi ba.

Da na koma wajen Inna ban ce mata an cuce ta ba, ta riga ta sani. Na karanta mata takardar a hankali, da muryata, ba rawar murya ba sassautawa. Da na zo kan "an tantance shi", ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Wa ya tantance?" Na ce, "Bai faɗa ba, Inna." Ta yi shiru tana juya ƙuli a cikin mai, sa'an nan ta ce in karanta mata ta gaba.